Yadda ake duba tsohon babban babur na doguwar tafiya kafin a biya kuɗi

Tambayar ta yi yawa, kuma kusan kullum da hoto take zuwa: "Malam, ga wani an turo min daga Kano, mai shi ya ce lafiyarsa ƙalau, in saya?" Hoto ba ya amsa wannan tambayar. Shi ya sa na jera yadda ake duba irin waɗannan babura daki-daki, ga wanda ke zaune a Katsina ko Daura kuma a nan zai riƙa hawa da gyara.

Baburan da nake nufi su ne manyan nan da aka ƙera don cin doguwar hanya: Honda Gold Wing, Honda ST1100 da ake kira Pan European, BMW R1100RT da R1150RT, Yamaha FJR1300, Kawasaki GTR1000, Honda Deauville, da kuma masu tsayin ƙafa irin su Transalp, Africa Twin da Suzuki V-Strom. Galibin waɗanda ke shigo mana sun haura shekara 20. Injinansu ba su cika mutuwa ba, ana samun waɗanda suka wuce kilomita 150,000 suna aiki sumul. Abin da ke kwantar da su a zauren gida shi ne takardu, wayarin, robobin da suka bushe, da kayan gyaran da babu su a gari. Don haka injin ba shi ne farkon abin dubawa ba, kuma ka bi matakan nan a jere yadda suke. Da zarar an tayar da babur ka ji rugugin nan, idonka ya daina ganin aibi.

1. Nemo makanike kafin ka nemo babur

Wanda ya ƙware a Boxer da Jincheng ƙwararre ne a fanninsa, amma injin mai silinda huɗu ko shida wani karatu ne daban. Je garejin da kanka. Tambaye shi ko ya taɓa daidaita kafireta huɗu a lokaci guda, kuma ya nuna maka ma'aunin da yake yi da shi. In ya ce da kunne yake yi, ka gode masa ka ƙara gaba. Tambaye shi wane irin babur yake samun kayansa cikin sauƙi, kuma daga ina: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, ko sai an yi oda daga waje. Wanda ake yi wa oda da dala ko fam ake biya, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma.

Taya kaɗai ta isa ta yanke maka hukunci. FJR1300 tana cin 120/70-17 a gaba da 180/55-17 a baya, girman da manyan babura da yawa ke amfani da shi, don haka ba ya wuyar samu. ST1100 kuwa 110/80-18 ce a gaba da 160/70-17 a baya, Gold Wing GL1500 tana son 160/80-16 a baya. Kafin ka ɗora ranka a kan babur, ɗauki lambar tayarsa ka buga wa masu sayarwa waya ka ji ko akwai.

Gargaɗi: makaniken da zai raka ka dubawa kai za ka biya shi ladansa, kuma kada ya zama na dillali ko na mai babur. Wanda zai ci la'ada in ciniki ya faɗa ba zai ga laifin komai ba.

2. Zaɓi wanda ya dace da hanyarka da ƙarfinka

ST1100 da mai a tanki tana kai kusan kilo 300. GL1500 da GL1800 sun kusa 400. A kan kwaltar Katsina zuwa Kano ba ka jin nauyin nan, amma ka tuna layin gidanku. In akwai yashi tsakanin bakin titi da ƙofar gida, ko sai ka haura dakali ka lanƙwasa cikin zaure, kullum sai ka yi kokawa da shi safe da yamma. Auna faɗin ƙofar da tef tun kafin ka tafi, domin akwatunan gefe suna ƙara wa babur faɗi fiye da yadda ido ke gani.

A ganina, wanda tafiyarsa ta haɗa da hanyoyin ƙauye, ko zai riƙa leƙa Maraɗi da Damagaram, Transalp ko V-Strom 650 ta fi masa alheri: nauyi kaɗan, cikinta nesa da ƙasa, silinda biyu. Gold Wing ta mai kwalta ce zalla. Sannan masu cikakkiyar rigar roba an yi su ne don su tare sanyin Turai. A watan Afrilu, cikin cunkoson Ƙofar Ƙaura, zafin injin a ƙafafunka zai ƙare.

3. Raba kuɗinka kashi biyu

Farashi yana tafiya da canjin dala da kuma yanayin babur, saboda haka ka tambayi wurare uku ko huɗu a makon da za ka saya. Abin da ba ya canzawa shi ne wannan: kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kuɗin saye. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. A cikinsa za a fitar da la'adar dillali, ladan makanike, kuɗin ɗauko babur in daga nesa yake, rajista da lamba da inshora, tayoyi biyu, batir, baƙin mai da filta, man birki, ruwan lagireto, da hular kwano ta kirki.

Ka kuma yi lissafin mai. Manyan nan suna yin wajen kilomita 15 zuwa 18 a lita, wato ba su kai rabin abin da Boxer ke yi ba. Tankin ST1100 lita 28 yake ci. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, cika shi ba ƙaramar magana ba ce.

4. Takardu da lambar shasi

A nan ne mutanen jiharmu ya kamata su fi kowa tsanani. Muna bakin iyaka, shingayen kwastam da na 'yan sanda da sojoji suna kan hanyar Jibiya, da ta Daura zuwa Kongolam, da ta Kano. Kuma saboda matsalar tsaro, babur marar asali abin zargi ne. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kai ga hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi tare da taƙaita lokutan hawa. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ka binciki wadda ke aiki yanzu a ƙaramar hukumar da za ka bi.

In babur sabon shigowa ne daga waje, nemi takardun biyan kuɗin kwastam, ka kai su ofishin kwastam a tabbatar maka da su, kada ka tsaya ga kwafin da aka miƙo maka. In an riga an hau shi a Najeriya, nemi takardar mallaka, lasin babur, inshora, da rasidin sayen da mai shi ya yi. Sunan da ke takarda ya zama na wanda ke gabanka. In an ce "na yayana ne, yana Abuja", a kira yayan ka ji daga bakinsa, ya kuma sa hannu.

Sai lambar shasi. Yawanci tana buge a wuyan babur, inda hannu ke juyawa, kuma a baburan da aka yi don Amurka tun 1981 haruffa da lambobi 17 ne. Goge wurin da tsumma, haska tocila a karkace. Kana neman alamar an goge da dutsen walda, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko lambar da ta fi 'yan uwanta zurfi ko ta karkace. Karanta ta da ƙarfi makanike yana bin takarda da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Haka za ku yi wa lambar injin. In babur daga Amurka ya fito, sa lambar a shafukan binciken tarihin abin hawa a intanet. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su bayan hatsari ko ambaliya.

Gargaɗi: harafi ɗaya ya saɓa, ciniki ya mutu. Kada ka saurari "kuskuren mai buga takarda ne, za a gyara". A gyara tukuna, sannan a kira ka.

Tambayi makullai ma. Baburan da aka yi daga wajen 2000 zuwa sama da yawa makullinsu yana magana da kwamfutar injin. Na Honda suna ɗauke da rubutun HISS kusa da makunni, na Yamaha da aka yi don Turai suna zuwa da jan makulli guda wanda da shi ake yi wa sabbin makullai rajista. Babur mai makulli ɗaya tak, ranar da ya ɓace, sai ka sayi kwamfuta da makunni gaba ɗaya.

5. Duba shi a sanyi, injin a kashe

Tun a waya ka ce, "Alhaji, don Allah kada a tayar da shi gobe sai na zo." Je da safe, a fito da shi fili. Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: tocila, farin tsumma, mitar auna wuta, ma'aunin iskar taya, da ƙaramin madubi. Da isarka ka ɗora bayan hannunka a jikin injin. In da ɗumi, an riga ka, kuma akwai dalili. Ka ce za ka dawo gobe.

Fara da ƙasan inda babur ya kwana. Ɗigon mai ko na ruwa a siminti ya fi bakin mai babur gaskiya. In an wanke injin fes har yana ƙyalli, ka ƙara sa ido, za ka sake leƙawa bayan an hau shi.

Alamun faɗuwa: ƙarshen hannuwa, bakin libar birki da ta kuloci, gefen madubi, ƙasan matakin ƙafa, gefen salansa. Ƙujewa kaɗan ba komai ba ce, babu babur mai wannan nauyi da bai taɓa kwantawa a tsaye ba. Abin tsoro shi ne karo. Juya hannu ƙarshen dama da ƙarshen hagu ka duba ɗan ƙarfen da ke tare shi a wuya. In ya lotse ko an yi masa walda, gaban ya taɓa dukan wani abu da ƙarfi. Bi shasi da tocila kana neman walda wadda ba ta kamfani ba, ko fentin da ya tattare. Tsuguna a baya, nesa kaɗan, ka ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya.

Rigar roba: girgiza kowane ɓangare da hannu. Kunnuwan da ke riƙe su sukan karye a ɗaure da waya ko a liƙe da gam. Ba za su hana tafiya ba, amma samun wasu sai oda, don haka su shiga lissafin ragi.

Buɗe tanki ka haska ciki, ka kuma shinshina. Tsatsa, ko warin tsohon fetur mai kama da na fenti, yana nufin babur ya daɗe a ajiye. Mutane suna murna in an ce "ai shekara biyar ba a hau shi ba, yana gareji a can Jamus." Ni wannan maganar tsoro take ba ni. Dokin da ya shekara ɗaure a turke ba shi ake kai wa hawan daba ba. Zama yana toshe kafireta, ya busar da robobi, ya kama fistin ɗin birki, ya ci famfon mai. Gara wanda ya yi kilomita 90,000 ana hawansa ana yi masa sabis da wanda ya yi 25,000 ya kwanta.

Tun da an zo maganar kilomita: babur ɗin Amurka ko Ingila da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato 60,000 a agogo kusan kilomita 96,000 ke nan. Tsofaffin agogo masu gida biyar suna komawa sifiri bayan 99,999, kuma canza agogo ba wuya. Gwada abin da agogo ya faɗa da abin da jiki ya nuna: robar matakin ƙafa da ta cinye, robar totur da ta yi santsi, kujerar da ta lotse, faifan birki da ya cinye har bakinsa ya yi tudu.

Baƙin mai: zaro ma'auni ka shafa a farin tsumma, ko ka leƙa gilashin gefen injin. Baƙi ba laifi ba ne. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga, fakin kan injin ya tafi. In kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, sallama. Tambayi irin man da ake zubawa. Yawancin na Japan kulocinsu a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi zamewa. Ana neman mai rubutun JASO MA a jikin galan.

Lagireto: injin a sanyi, buɗe murfin. Ruwa mai launi, kore ko shuɗi ko ja, shi ake so. Ruwan rijiya mai tsatsa yana nufin cikin injin ya fara ciwo. Matsa robobin ruwan da yatsa, kada su yi tauri kamar itace ko su yi laushi tiɓis.

Ƙafafun gaba: shafa yatsa a sandunan masu ƙyalli. Danshin mai yana nufin robar da ke tare man ta mutu, wannan gyara ne mai sauƙi. Amma in sandar ta yi ƙuraje na tsatsa, duk sabuwar robar da aka sa za ta yanke ta. Ɗora babur a ƙafar tsakiya, wani ya danne baya gaban ya tashi, ka juya hannu a hankali. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ƙare. Kama tayar gaba da ta baya ka girgiza gefe da gefe. Bai kamata ka ji motsi ko ƙwas ba.

Taya: kada zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2316 na nufin mako na 23 a 2016. In lambobi uku ne kacal, tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta wuce shekara shida, ko ta fara tsatstsagewa a gefe, ba ta da hurumin hawa kwaltar da rana ta gasa da nauyin kilo 300 a kanta.

Birki: a jikin faifan an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, makanike ya auna. Man birki ya zama garai-garai; in ya koma launin shayi mai kauri an shekara da shekaru ba a canza ba, alhali duk shekara biyu ake so.

Mai sarƙa, ka ja ta daga bayan sifoket. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ita da sifoket duka sun tashi aiki. Marar sarƙa, wanda sandar farfela ke juya tayarsa irin ta mota, ka duba danshin mai a gidan giyar baya, ka juya tayar kana saurare ko akwai gurnani.

A ƙarshe kwanta ƙasa da madubi. Ƙasashen da ake ƙanƙara suna zuba gishiri a titi, kuma gishirin daga ƙasa yake cin babur. Duba hannun da ke riƙe tayar baya, mahaɗar salansa, da ƙafar tsakiya. Ƙwanƙwasa da sukundireba.

6. Wuta da wayarin

Cire kujera da murfin gefe. Wayarin kamfani a naɗe yake tsaf, launi-launi. In ka ga an yanka an murɗe da hannu an naɗe da salatif, ko an sa waya a madadin fis, ko an jona fitilu da rediyo kai tsaye a batir, ka san hannaye da yawa sun shiga. A tsofaffin Honda nemi soket mai wayoyi uku rawaya da ke fitowa daga kwail ɗin caji. Yakan yi zafi ya narke.

Ɗora mita a batir. Kafin a tayar, mita ta nuna volt 12.5 zuwa 12.8. Lokacin da ake danna salf kada ya faɗi ƙasa da 10. Bayan ya tashi, a ja totur zuwa juyi 3,000 ko 4,000, a kunna babbar fitila: ana son 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12, ba ya caji. In ya haura 15, raktifaya, wato abin daidaita caji, ta lalace tana dafa batir.

Gargaɗi: sabon batir fil a tsohon babur ba kyauta ba ce. Sau da yawa an sa shi ne don ya ɓoye rashin caji na kwana biyu. Galibin waɗannan babura ba su da kik, kuma ba a tura kilo 350 a hanyar Mashi da tsakar rana.

In mai ABS ne, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, fitilarsa dole ta kama in an murɗa makulli, ta mutu bayan an fara tafiya. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an zare ƙwan ne.

7. Yanzu a tayar

Ka tsaya a baya wajen salansa, makanike ya tsaya kusa da injin. Lafiyayye yana tashi a bugu ɗaya ko biyu, fitilar mai ta mutu nan take. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa mai yake ƙonawa. Fari mai kauri da ya ci gaba bayan injin ya yi zafi ruwa ne. Baƙi, fetur ya yi yawa. Ɗan hayaƙin farko da ya wuce cikin minti ɗaya ba abin damuwa ba ne a injinan da silindarsu ke kwance, musamman in a ƙafar gefe babur ya kwana.

Bayan daƙiƙa kaɗan, kusanta hannu ko ka yarfa ɗigon ruwa a kowane bututun salansa daga inda ya fito. Duk su ɗauki zafi tare. Wanda ya yi sanyi, silindarsa ba ta aiki. Kada ka kama da tafin hannu.

Bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta. Wannan yakan ɗauki minti goma ko fiye, mai babur zai fara ƙosawa, ka yi haƙuri. In fanka ta kama tun daga murɗa makulli, an jona ta kai tsaye, kuma galibi an cire abin daidaita zafin ruwa. Tambayi dalili, domin ba a yin haka sai babur ya taɓa zafi. Kashe shi da zafinsa, jira minti biyu, sake tayarwa.

8. Hau shi

Mai babur yana da haƙƙin ya nemi ka ajiye wani abu ko yaronsa ya bi ka a baya. In ba ka saba da nauyin ba, bar makanike ya hau. Nemi miƙaƙƙen titi a bayan gari, a yi aƙalla minti 20.

Shiga kowace giya sama da ƙasa. Ja da ƙarfi a giya ta biyu ka ga ko za ta fice da kanta. A giyar ƙarshe, wajen gudun kilomita 60, buɗe totur sosai: in ƙarar injin ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Sassauta riƙon hannu kaɗan ka ji ko yana ja gefe ɗaya ko kan yana kaɗawa. Taka birkin baya shi kaɗai, sannan na gaba; in liba tana bugun yatsunka, faifai ya karkace. Bi ta kan tudun rage gudu guda ɗaya ka ji ko bayan yana ta lilo. Da ka dawo, sake leƙa ƙasan injin da tocila.

9. Ciwon da aka san kowanne da shi

Gold Wing daga GL1000 ta 1975 har GL1500 ta 1988 zuwa 2000, da ST1100, bel ne ke juya taimin ɗinsu. In ya tsinke bawul da fistin za su haɗu. Babu shaidar ranar da aka canza, ka ɗauka ba a canza ba. GL1200 ta yi suna wajen ƙona kwail ɗin caji, kuma sai an sauke injin ake kai gare shi. A GL1500 gwada ribas, in mai ribas ce. GL1800 na shekarun farko Honda ta taɓa kiran su a gyara saboda tsagewar shasi, a duba waldar ƙasa da kyau.

ST1100 da aka yi kafin 1996 altanetarsu, wato abin da ke yi wa batir caji, ƙarama ce kuma takan mutu, daga 1996 aka sa babba. Hannun tayar bayanta yana ruɓewa da tsatsa.

BMW R1150RT tana da birki mai famfon lantarki, za ka ji yana zuuu in ka matsa liba makulli a kunne. Ranar da ya mutu birkin da ke saura kaɗan ne, gyaransa kuma tsada. Kulocin wannan jerin busasshe ne, sai an raba babur biyu ake canza shi. A duba gidan giyar baya ma. Ni dai ba zan ba wanda wannan ne babban baburinsa na farko shawarar ya fara da ita a Katsina ba, sai in yana da makanikenta a hannu.

Transalp da Africa Twin XRV750, cire murfin ƙaramin sifoket na gaba ka duba haƙoran sandar da yake zaune a kai. In sun cinye, aikin buɗe injin ne gaba ɗaya.

10. Ciniki da rubutu

Rubuta duk abin da kuka gani, makanike ya sa wa kowanne kuɗi a gefe, ba a gaban mai babur ba. Da wannan takarda za ka taya. "Ranka ya daɗe, babur ya yi, amma tayoyi biyu da bel da batir suna kaina" ya fi kushe kayan mutum tasiri. Akwai abubuwan da ragi ba ya wanke su: lambar da aka taɓa, shasi mai walda, ruwa a cikin mai. Araha ba ta ado.

Kada ka tura kafin alƙalami a kan babur ɗin da ba ka gani ba, kai ko wakilinka. In an sallama, a rubuta yarjejeniya: sunaye da adireshi, lambar shasi da ta injin, kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu, da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke takarda. A daidaita maganar la'ada tun kafin a fara, wa zai biya kuma nawa. Ka mayar da mallaka sunanka a ofishin harajin jiha ba tare da jinkiri ba, ka kuma tabbatar lasin tuƙinka ya ƙunshi rukunin A na babur.

11. Kafin tafiyar farko

Ko mai shi ya rantse an yi sabis jiya, a sake: baƙin mai da filta, man birki da na kuloci, ruwan lagireto, man giyar baya, fulogi, bel in mai bel ne. Filtar iska ta fi komai saurin toshewa a nan, musamman da hunturu, don haka sayi biyu ka ajiye ɗaya. A wanke tanki a sa sabuwar filtar fetur, kuma ka guji man bumburutu in babur mai injekta ne, wato marar kafireta.

Yi mako guda kana zagaya gari da shi. Daga nan ka gwada Katsina zuwa Daura, wajen kilomita 80, da mita da fis na ajiya a akwati. Da ka isa, auna caji, duba matakin mai da ruwa, taɓa kusa da faifan birki ka ji ko wani ya fi sauran zafi. In komai ya zauna daidai zuwa da dawowa, sai a fara shirin Kano ko Zariya.